Takardar da na dangwala wa

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titi kusa da Ƙofar Guga, da famfona da bahon ruwan da nake neman huji a ciki da gwangwanin sholisho. Ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, kuma tsawona bai kai in ɗauko abu a kan kabad ba sai na taka kujera. Duk da haka akwai shekarun da in aka ɗauki hoton ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin nan sai ka gan ni a ciki, na tsaya kamar turmi a tsakiyar taɓare.

Ƙungiyar ta wani Alhaji ce, ɗan kwangila, wanda ya yi ƙiba a zamanin soja. Wani babban hafsa da ke ba shi aiki yana son wasan, shi ya sa Alhaji ma ya wayi gari yana sonsa. Ya ɗauko koci, ya tara dogayen yara daga garuruwa, ana biyansu albashi duk wata, suna zuwa gasar ƙasa. Ƙwallayensu kuwa ba sa kwana uku ba su sace ba, saboda filin siminti ne mai kaushi. Sakataren ƙungiyar abokina ne tun muna samari, kwano ɗaya muke ci in ya biyo ta rumfa, Vespa ɗinsa kuwa na yi mata faci har na san tayoyinta fiye da fuskar 'ya'yana. Shi ya fara kawo mini ƙwallayen. Daga baya aka ce in riƙa zuwa fili da famfona. Suka ba ni rigar ƙungiya wadda ta sauko mini har gwiwa, suka sa mini suna injiniya, ni kuma ban musa ba.

Akwai wani Bafulatani da ke zaune da shanunsa a bayan Batagarawa, yana kawo mini kekensa. Kakana Babarbare ne, don haka ni da shi ba ma gaisawa sai da tsiya. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce kakansa a ƙofar gidanmu ya koyi sa wando. Wata rana bai zo da kansa ba, ya aiko ɗansa. Ina durƙushe ina ba wata ƙwallo iska sai na ga rana ta ɓace. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, har hulata ta faɗi ban iso fuskarsa ba. Yaro ne ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, siriri, da sanda a kafaɗa. Ya gaishe ni, ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu ɗaya kamar wanda ya tsinci goriba, yana juya ta yana tambayata ko a cikinta ake zuba mai.

Ban yi wa keken faci ba ranar. Na rufe rumfa na ja shi zuwa fili. Koci ya kewaye shi sau biyu, ya ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga, sai koci ya dafa kai ya yi salati, shi da ba Musulmi ba.

Saura uban. Na hau acaɓa na same shi a gindin wata bishiyar bedi yana gyaran igiya.

"Kai Babarbare," ya ce, "yau kuma mi ka zo roƙo?"

"Ɗanka na zo ɗauka. Ka haifi dogon banza, ka rasa abin yi da shi sai bin wutsiyar saniya."

Na yi masa bayani. Ya kasa gane yadda za a biya ƙato kuɗi don ya jefa abu a cikin kwandon da ba shi da gindi. Na ce ni ma ban gane ba, amma ana biya. Muka yi dariya, aka kawo fura. Da muka sha sai ya daina dariyar, ya kira yaron, ya kama wuyan hannunsa ya ɗora a tafina.

"Ni daji na sani," ya ce. "Abin da ya shafi birni, kai ne ubansa. Amana ce."

Na ce na karɓa. Na faɗe ta da sauƙi, yadda nake cewa mai keke ya dawo bayan la'asar.

Yaron ya riƙa kwana a zauren gidana, yana kirana Baffa. A fili kuwa aiki ɗaya koci ya ba shi. Ya tsaya a ƙarƙashin kwando, in abokin gaba ya jefo ya doke, in ƙwallo ta fanɗare ya cafke ya miƙa wa gajerun da suka iya gudu. Kada ya kuskura ya jefa daga nesa. Yaro mai kunya ne, ya ce to. Shekara biyu yana wannan tsayuwa, har aka san shi a Kano da Kaduna, ana cewa Katsinawa sun zo da bishiyarsu.

Abin da koci bai sani ba, akwai darbejiya a bayan rumfata, na ɗaure masa tsohuwar tayar babur a reshenta. Wanda ya tashi yana jifan saniya da hoge daga nesa don ta bar gonar mutane ba a koya masa saiti. Da hantsi, kafin rana ta yi zafi, sai ya ja baya har bakin kwata yana jefawa, ni ina ƙirga masa ina ƙara biyu ko uku don ya ji daɗi.

Ana cikin haka soja suka ce sun gaji, za su koma bariki. Gari ya rikice da jam'iyyu. Alhaji ya duba ya ga hafsan nasa zai tafi da kwangilarsa, sai ya ɗinka manyan riguna ya fito takarar majalisa. 'Yan ƙwallo duka aka zuba su a motar kamfen. A nan aka gano wani amfanin yarona da koci bai taɓa tunani ba. Fostar da duk wani yaro ya liƙa, kafin azahar 'yan adawa sun yage ta. Wadda shi ya liƙa kuwa, sai dai su nemo tsani. Har yau akwai wani bene a cikin gari da nake ganin ragowar kunnen Alhaji a jikin bangonsa. Sannan ga laima. Alhaji ya koma sa doguwar hula, duk wanda ya riƙa masa laima sai ya ture ta, shi kaɗai ke riƙewa lafiya lau. A ƙauye kuwa mutane kan fito kallon dogon yaro, su tarar da jawabi. Ni ma ina cikin motar, ina ihu fiye da kowa. Na ɗauka mu ne za mu hau mulki.

A tsakiyar wannan hidima aka je wasa Kaduna. Ana cinmu, lokaci ya kusa ƙarewa, gajerun namu duk an tsare su. Ƙwallo ta zo hannunsa yana can nesa da kwando. Na ga ya waiga ya dubi koci, ya dube ni. Ni dai hula kawai na cire. Ya jefa ta shiga. Aka dawo ya sake, ta shiga. Ta uku ko ragar ba ta taɓa sosai ba. Koci yana zaginsa yana tsalle yana rungume ni a lokaci guda.

A cikin 'yan kallo akwai wani mutum daga wata babbar ƙungiya ta Ikko. Bayan mako biyu sai ga shi a rumfata, da 'yar Hausarsa ta barikin soja. Ya ce suna son yaron, kuma ba don ya tsaya kamar gungume ba, jifa suke so ya yi. Ya ce daga wurinsu ake ɗaukar 'yan wasan ƙasa, wasu har su ƙetare teku. Abu biyu kawai yake bukata, takardar sallama daga ƙungiyarmu da yardar wanda ke riƙe da yaron, tunda shekarunsa ba su cika ba. Yaron yana tsaye a bayana yana ji, ranar ya kasa cin tuwo.

Na kai maganar wa Sakatare. Ya yi murna har ya tafa da ni. Ya ce Alhaji ba zai ƙi ba, in bar komai a hannunsa.

Ana saura kwana kaɗan zaɓe ya faka Vespa a gaban rumfa, da ambulan a aljihu da ɗan akwatin tawada. Rumfar a cike take da 'yan acaɓa masu jiran iska da masu zaman gulmar siyasa. Ya zaro takarda shafi uku, an buga ta da keken rubutu, Turanci tsantsa.

"Injiniya, ga sallamar ɗanka. Dangwala nan da nan, in kai wa Alhaji ya sa hannu kafin ya shiga ƙauye."

A nan dole in faɗi wani abu game da kaina. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban gama ba, don malamin ya kama ni ina kwaikwayon tafiyarsa. Hausa ina karantawa a hankali, ina bi da yatsa. Turanci kuwa ban san komai ba sai abin da ke jikin taya. To amma na daɗe da sayen wani tabarau a kasuwa, kuma kullum akwai tsohuwar jaridar Turanci a kan bencina. In mutane suka taru sai in sa tabarau in buɗe ta in girgiza kai in ce, "Ƙasar nan sai addu'a." Ba a taɓa kama ni ba, don maganar ta dace da kowane shafi. Har wasiƙa 'yan acaɓa kan kawo mini, in duba in ce labari ne mai nauyi, gara mai shi ya ji daga bakin wani.

Na sa tabarau na karɓi takarda. Yaron ya sunkuyo daidai kunnena, a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Baffa, ko a kai wa malamin makarantar can ya duba muna?"

Malamin yana nan tsallaken titi, ina hango shi yana shan shayi. Taku talatin ne. Amma ido goma sha yana kaina.

"Kai, shanu ka sani," na ce da ƙarfi. "Ni ba ni da ido ne?"

Aka yi dariya, ya koma baya ya sunkuyar da kai. Na riƙa bin layuka ina motsa leɓe, ina cewa "uhm" nan da can. Kalma ɗaya nake nema, sunan Ikko da Turanci, don na saba ganinsa a goshin manyan motoci. A shafi na biyu na same shi. Na buga takardar da bayan hannu na ce, "Daidai ne." Sakatare ya buɗe tawada, ya kama babban yatsana da kansa ya danna a wuri uku. Ya ce yaron ma ya dangwala a ƙarƙashin nawa. Yaron ya dube ni, na gyaɗa kai, ya dangwala.

Aka yi zaɓe, Alhaji ya ci. Na yi rawa a titi har ƙugu ya riƙe mini kwana biyu.

Bayan an rantsar da su mutumin Ikko ya dawo ɗaukar yaro. Mun riga mun saya masa akwatin ƙarfe, matata ta soya masa dambun nama. Mutumin ya ce bari ya je ofis ya karɓo sallama. Bai yi awa ɗaya ba ya dawo rumfa, gumi na zuba, da kwafen takardar a hannu.

"Baba, wannan hannu naka ne?"

Na ce nawa ne.

"Ka san abin da ka sa?"

Ya zauna a kan taya ya fassara mini layi-layi. Yarjejeniya ce ta shekara biyar. Yaron ba zai yi wa wata ƙungiya wasa ba, ko a Ikko ko a ko'ina, sai da sa hannun Alhaji. Wannan shi ne Ikkon da na gani. Kuma zai yi duk aikin da mai ƙungiya ya sa shi, a fili ko a wajen fili. An riga an aika da kwafe inda ake rajistar 'yan wasa. Yaron yana zaune a kan akwatinsa yana ji. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, ƙafafunsa yake kallo.

Na tafi ofis a ƙasa, ko takalmi ban tsaya canzawa ba. Na tarar da Sakatare yana cin gyaɗa.

"Shekara nawa muna tare?" na ce. "Mi na yi maka?"

"Zamna mana, Injiniya."

"Ka ce mini sallama ce!"

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ni ɗan aike ne, abin da aka ba ni na kai. Kuma ai ban ɓoye maka ba, a hannunka na sa ta. Na ga kana karantawa."

Ya san ban iya ba. Shi kaɗai a duk garin nan ya sani, don shi ke karanta mini takardar asibiti in an rubuta wa matata magani. Na juya na fita.

Alhaji kuwa sai da na yi kwana uku ina zarya gidansa na Kambarawa, cikin masu neman taki da masu neman aikin masinja, kafin na samu ganinsa. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, maganar yaron nan ce."

"Ɗanmu? Haba Malam. Wa zai ɗauki yaro natsattse irin wannan ya jefa shi Ikko? Can lalacewa za ya yi. Ga shi nan kusa da iyayensa, albashinsa na tafiya."

"To wasan fa? An ce bana ba mu shiga gasa ba."

"Ƙwallo ai ta zamanin soja ce. Yanzu jama'a ruwa suke so da hanya. In abubuwa suka daidaita za mu duba."

Ba a duba ba. Koci ya haɗa kayansa, sauran yaran kowa ya kama gabansa, don ba wanda aka ɗaure sai shi. Sunan ƙungiyar dai aka bari a rajista, don takardar ta ci gaba da aiki. Yaron aka mayar da shi gidan Kambarawa, in Alhaji na gari ya bi shi da laima, in ba ya nan ya zauna a bakin get.

Mutumin Ikko bai tafi nan da nan ba, Allah ya saka masa. Ya kai ni wurin wani lauya. Lauyan ya ce takardar tana da sauƙin karyawa. In na tsaya a gaban alƙali na rantse ban iya karatu ba, kuma an gaya mini abin da ba shi ke ciki ba, shi ke nan. Amma a yi sauri, don akwai ranar da ake rufe rajistar 'yan wasa ta shekara.

Na ce a ba ni kwana biyu in yi shawara.

Da yammacin ranar Sakatare ya biyo ta rumfa, bai ko sauka daga Vespa ba. Ya ce ya ji ana maganar rushe rumfunan da ke bakin titi ba izini, amma kada in damu, sababbin shugabannin duk mutanen Alhaji ne, muddin ana zaman lafiya ba mai taɓa ni. Ya ce in gaida gida.

Zan so in ce rumfar ce kawai ta hana ni, don mai iyali in ya ji tsoro ana yi masa uzuri. Amma na san abin da nake gani in na rufe ido. Kotu nake gani cike da 'yan acaɓa, ina tsaye ina cewa ban san ko harafi ɗaya ba. Kwana biyu suka zama huɗu. Na ce sai na fara sanar da uban yaron, wai don ladabi, alhali jan lokaci nake.

Na same shi a gindin bedin nan. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon shanunsa.

"Da aka kawo takardar, shi yaron mi ya ce?"

"Ya ce a kai wa malami ya duba."

"Kai kuma ka ce mi?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo fura, ya matso mini da ita da hannu biyu kamar baƙon da bai sani ba.

"Bismilla, Malam," ya ce.

Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. Na sha furar don ba yadda zan yi. Da zan tafi na ce masa zan je kotu. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan igiyarsa.

Duk da haka sai da na ƙara kwana biyar. Rana ta tara na yi wanka na sa rigar Juma'a, na bar tabarau a gida, na nufi Kambarawa don in ɗauki yaron mu je wurin lauya tare. Na same shi a kan benci a bakin get, an ɗinka masa kaftani ruwan toka wanda hannunsa bai kai wuyan hannu ba. Ya miƙe da ya gan ni, ya durƙusa, ya tambayi gida da yara da aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Tashi mu tahi," na ce. "Yau zan rantse. Kowa ya ji, ban iya ba."

"Baffa, an rufe shekaranjiya."

"Wa ya ce?"

"Mutumin ya biyo ta nan kafin ya wuce tasha. Sun ɗauki wani yaro daga Jos."

"To baɗi fa? Mu karya ta yanzu, baɗi sai ka tahi."

"Ya ce wanda ya shekara bai taɓa ƙwallo ba, sai sun sake gani." Ya ƙara da cewa, "Bar shi kawai, Baffa. Kada a rushe maka rumfa."

Ban san ya ji wannan maganar ba. Na buɗe baki zan ce ba rumfar ba ce, sai aka danna ham daga cikin gida. Ya ce, "Ɗan matsa kaɗan, Baffa," ya zare sakata ya ja ƙofar get da hannu ɗaya. Bai sake buga wasan gasa ba, ko a shekarar ko bayanta.

Motar ta fito a hankali. Alhaji yana baya, ya sauke gilashi ya ɗago mini hannu yana murmushi. Ni da na kwana tara ina tsine masa a zuci, sai na ga hannuna na dama ya dunƙule ya tashi sama da kansa, na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe."